Yadda nake gwada miƙewar koniya da idon sa, sikelin zinari da wayar hannu

Tsaya a gefen mutum ka dubi idonsa ta kusurwa, za ka ga wani ɗan tudu garai-garai kamar gilashin agogo ya lulluɓe baƙin idon. Shi likitoci ke kira koniya. A gida ba ma tunawa da ita sai ta lalace ta yi fari, sannan mu ce wane ya yi hakiya. Kaurinta a tsakiya rabin milimita ne da ɗan ɗori, wajen maikiron 540, amma ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara hasken da ke shiga ido. Tun ranar haihuwa ruwan cikin ido yake tura ta waje, dare da rana, ita kuma tana riƙe da siffarta. Da za ta ɗan saki lanƙwasarta ta sauya, gani ya rikice ke nan.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne a sashen injiniyanci. Shekaruna na farko rodi da waya nake ja har su tsinke, ina rubuta lamba. Rodi ba ya wahalar da mutum: ka ja shi da safe, ka ja ɗan'uwansa da yamma, lambar taurinsu kusan ɗaya ce. Da wata ɗaliba ta zo da aikin kammala karatunta a kan koniya, na ɗauka haka abin zai kasance. Mako uku muka yi muna samun lambobin da ba su san juna ba. A nan na gane koniya ba ta da lambar tauri guda ɗaya. Amsar da za ta ba ka ta rataya ne a kan saurin jan da ka yi mata, da tsawon lokacin da ka riƙe ta, da yawan ruwan jikinta, da abin da ka yi mata minti goma da suka wuce. Shi ya sa a rubuce-rubucen masana za ka ga a ma'aunin tauri wani ya samu ƙasa da megafaskal 1, wani ya haura 50, duk a kan nama iri ɗaya.

A littattafai ana kiran wannan hali biskoelastik. Ni a ɗakin gwaji halin roba da zuma nake ce wa ɗalibai. Roba, ka ja ta ta miƙe nan take, ka sake ta ta koma nan take. Zuma kuwa sai a hankali take gudana, kuma iya gaggawarka iya turjiyarta. Koniya ta haɗa biyun. Kusan kashi 90 cikin ɗari na kaurinta wani sashe ne da ake kira sitiroma, inda zaruruwan kolajin, irin zaren da ke ba fata ƙarfi, suke kwance hawa-hawa, fiye da hawa 200 a tsakiyar idon mutum, kowane hawa zarensa na fuskantar wani gefe daban, kamar an jera tabarmi ana juya kowace. Tsakanin zaren akwai wani abu mai yauƙi da ke riƙe ruwa, har ruwa ya kai wajen kashi 78 cikin ɗari na nauyin koniyar. Zaren ke ɗaukar ja. Ruwan da yauƙin su ke sa a jira, domin kafin zare ya miƙe sai ya zame a cikinsu, ruwa kuma ya matsa ya ba shi wuri. Wanda ya taɓa ɗaura sabuwar igiyar shanya ya san abin: ka ɗaure ta tamau, ka rataya jiƙaƙƙun kaya, da la'asar ka tarar ta yi ciki alhali ba wanda ya ƙara mata ko ɗankwali.

Daga mahauta zuwa tebur

A Turai da Amurka idon alade aka fi gwaji da shi. Mu nan na sa ne a hannunmu, kuma ya fi daɗin aiki, don koniyarsa babba ce, tsawonta ta gicciye ya kai wajen santimita 3. Ba mu kaɗai ba ne ma: a 2007 Boyce da abokan aikinsa na ɗakin bincike na Sandia a Amurka da zirin koniyar shanu suka yi gwajinsu na ja. Idon ɗan Adam kuwa ba na ɗakinmu ba ne, wannan sai asibiti da izinin kwamitin da ke kula da haƙƙin marasa lafiya.

Kada ka faɗa mahauta kai tsaye ka ce idanu kake nema. Ka san abin da zai zo zuciyar mutane. Ka karɓi takarda daga sashenku, ka fara ganin likitan dabbobin da ke duba nama, shi ya kai ka wurin Sarkin Fawa. Ranar da na fara zuwa sai da na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Ranka ya daɗe, karatu ne ya kawo mu, muna son mu gane yadda gilashin ido yake jure nauyi, ko a samu abin taimakon masu ciwon ido.” Ya karanta takardar, ya kira wani yaronsa ya ce, “Duk abin da malam ke so ka cire masa tun kan bai je wuta ba.” Da wannan maganar ya ba ni darasin farko, domin kan da aka babbake koniyarsa ta riga ta dahu. Ka kuma biya kuɗi da daɗin rai, kan da ba ido farashinsa na sauka a wurin masu farfesu.

A ciro idon ɗungurungum da ɗan naman da ke kewaye da shi, kada wuƙa ta taɓa gaban. Ka tambayi mahaucin shekarun dabbar, su da haƙori suke ganewa, kuma ba su cika kuskure ba. Wannan tambaya tana da dalili: koniya na ƙara tauri da tsufa, in ka cakuɗa ta maraƙi da ta tsohon bijimi bambancin shekaru zai shanye abin da kake nema. Idanu biyu na dabba ɗaya su zauna a kwalba ɗaya da lamba ɗaya, don in za ka gwada wani magani, ɗaya shi ne na gwaji, ɗayan na kwatance. Safar hannu dole ce. Cututtukan dabba masu kama mutum, irin su tarin fuka na shanu da burusela, suna nan, kuma a 2023 an tabbatar da ɓullar wata irinsu, antaraks, a jihar Neja.

A gindin kwalbar ka sa auduga mai ɗan danshi, ka ɗora idon yana kallon sama, ka rufe ruf, ka sa a kula mai ƙanƙara ba tare da kwalbar ta daskare ba. Gwajin a ranar za a yi shi, cikin 'yan sa'o'i.

Ruwa, wanda shi ne rabin aikin

Kuskuren da ya cinye mana makonnin farko shi ne mun yanke koniya mun tsoma a ruwan gishirin asibiti, irin na ƙarin ruwa, mun sa a firij ta kwana, muna ganin mun kyautata mata. Da safe ta yi fari kamar an ɗiga mata nono, ta kumbura kusan ninki biyu. Dalilin kuwa a bayyane yake ga wanda ya sani. Sitiroma kullum ƙishirwa take ji, tana zuƙar duk ruwan da ta samu. A ido mai rai, wani shimfiɗi na ƙwayoyin halitta da ke bayan koniyar shi ke kwarfe rarar ruwan ba dare ba rana. Dabba ta mutu, ko ka yanke gefen naman, kwarfa ta tsaya, ruwa ya shiga. Tun 1957 David Maurice ya bayyana cewa garai-garai ɗin koniya daga daidaiton tazarar zaruruwanta yake, to ruwa na shiga tazarar ta wargaje, haske ya warwatse. Ga mai gwajin ja asarar biyu ce: naman ya sauya hali, kaurin da za ka raba ƙarfi da shi kuma ya zama na bogi.

Ɗaya ɓangaren shi ne bushewa, kuma mu a nan shi ya fi cin mu. A watan Janairu, hunturu na kaɗawa, ka bar ziri a fili minti kaɗan za ka ga gefensa ya fara naɗewa yana ƙyalli. Ka ja shi a haka zai nuna maka tauri mai ban sha'awa, amma kilishi ka auna.

Masu hali suna amfani da ruwa mai dekstiran, wanda ke hana kumburi. Abin da na samu ya fi sauƙi shi ne man farafin na ruwa da ake sayarwa a kemis. Da zarar na yanke ziri sai in shafe shi da man gaba da baya. Mai ba ya ba shi ruwa, ba ya barin nasa ya fita. Sannan duk na'urar jan zirin tana cikin akwatin roba mai nuna ciki, da jiƙaƙƙen tawul a ƙasa, fanka a kashe. Ka rataya ma'aunin zafi a ciki ka riƙa rubutawa. Koniya mai rai tana wajen digiri 34, kuma zafi na hanzarta sakinta, saboda haka gwajin da aka yi da sanyin safiyar Disamba ba a haɗa shi da na tsakar ranar Afrilu.

Yanka

Koniyar sa ba da'ira ba ce, ta fi kama da ƙwai a kwance. Doguwar kusurwar ita ce daga hanci zuwa kunne, gajeriyar daga sama zuwa ƙasa. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta, ka rubuta, domin zaruruwan ba su rabu daidai ta kowane gefe ba, zirin tsaye da na gicciye ba sa ba da amsa ɗaya.

Da bayan reza ka kankare fatar saman a hankali. Laushi ne da ita, ba ta ɗaukar nauyi, kauri kawai take ƙara maka a lissafi. Sai ka yanko koniyar tare da zoben farin ido mai faɗin milimita 4 ko 5 a kewaye, ka ɓare baƙin da ke manne a baya da hantsaki. Farin idon nan kada ka yar da shi, shi mariƙi, wato abin da ke matse bakin zirin sama da ƙasa, zai ciza, don ya fi koniyar jure matsi.

Wuƙata reza biyu ce sababbi, na sa ɗan ƙarfe mai kaurin milimita 5 a tsakaninsu na ɗaure da noti. Ka kifa koniyar a kan abu mai tudu, ni rabin ƙwallon roba nake amfani da shi, ka danna sau ɗaya da ƙarfi. Kada ka yi ta gurzawa kamar mai yankan albasa. Gefen da ya yi zara-zara daga nan yagewa ke farawa.

Kauri ka auna shi a wuri uku, tsakiya da gefe biyu. In kana da aboki a asibitin ido mai na'urar auna kaurin koniya, ka auna tun idon yana ɗungurungum. In babu, ka sa zirin tsakanin siraran gilasai biyu na madubin likita, ka auna da maikiromita ta makanikai, abin murɗawar nan na auna kauri, ka tsaya da zarar ta taɓa, sannan ka cire kaurin gilasan. Ka matsa ko kaɗan ruwa zai fita, lambar ta ragu a gabanka. A ƙarshe ka ɗiga ɗigo biyu na baƙin tawada marar narkewa a tsakiyar zirin, tazararsu milimita 10, da wani ɗigon dab da bakin kowane mariƙi. Na tsakiyar su ne ma'aunin miƙewa. Na bakin mariƙi 'yan tsaro ne: in ka ga sun nisanta daga bakin, zirin zamewa yake, a jefar da sakamakon.

Nauyi nawa za a rataya

Zirin a rataye yake daga mariƙin sama, nauyin kuma a mariƙin ƙasa ake rataya shi. A nan ne na ga ɗalibai da yawa suna wuce gona da iri, don sun saba da ƙarfe. Bari mu yi lissafin tare. Matsin ruwan ido mai lafiya yana tsakanin milimita 10 da 21 na ma'aunin zaiba. Ɗauki 15, wato wajen kilofaskal 2. In ka ɗauki koniyar mutum a matsayin yankin ƙwallo, rabin faɗin ƙwallon milimita 7.8 ne. Da dokar Laplace, mai lissafa jan da bangon ƙwallo ke sha daga matsin ciki, ka ninka matsin da 7.8, ka raba da ninki biyu na kauri, wato 1.08, za ka samu sitires, wato ƙarfin ja a kan kowane murabba'in milimita na nama, na wajen kilofaskal 14. Yanzu a ce zirinka na idon sa faɗinsa milimita 5, kaurinsa 0.9, in ka ninka su murabba'in milimita 4.5 ke nan. Don ka ɗora masa kilofaskal 14, nauyin giram 6 zuwa 7 kawai kake bukata. Fallen takardar A4 guda giram 5 ne. To ka ga wanda ya rataya rabin kilo ya fita daga duniyar da ido ke rayuwa a ciki tun tuni.

Wannan lissafi ya sa na sauya mariƙin ƙasa. Na farkon na ƙarfe ne, shi kaɗai ya fi giram 7, wato tun ban fara gwaji ba na riga na wuce nauyin da ido ya saba. Yanzu na roba nake amfani da shi, ƙarami, da sanfefa manne a cikin bakinsa, kuma ina auna shi in sa nauyinsa a lissafi. Tsawon zirin a ƙarƙashin wannan ɗan nauyi shi ne sifirina.

Wayar hannu tana kan ƙafa mai ƙarfi, tana kallon zirin ido da ido, da ɗan guntun rula a gefensa a zurfi ɗaya. Ka kulle saitin kyamarar kada ta riƙa gyara kanta, ka ɗauki hoto da madannin waya na nesa ko da agogon kyamara, kada yatsa ya girgiza ta. In milimita 10 ta cika ɗigon hoto 2000, kowane ɗigo maikiron 5 ne, wato za ka iya ganin miƙewar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Manhajar ImageJ kyauta ce, da ita nake auna tazarar ɗigon tawadar.

Horo da giɓi

Ka fara ƙara nauyi giram 5 duk bayan daƙiƙa 30 har zuwa giram 50, kana ɗaukar hoto dab da kowane ƙari, sannan ka riƙa cirewa da wannan tsari. Ka zana sitires a tsaye, miƙewa a kwance. Abu biyu za ka gani. Na farko, layin ba miƙaƙƙe ba ne. Da fari zirin na miƙewa cikin sauƙi, don zaruruwan a ɗan lauye suke kamar zaren da aka warware daga saƙa, suna miƙewa kuma sai layin ya tashi tsaye. Na biyu, hanyar sauka ba ta bin hanyar hawa. A giram 20 na dawowa zirin ya fi tsawo a kan giram 20 na tafiya. Wannan tazara ita ce histeresis, ni giɓi nake ce mata, faɗinta kuma shi ne ƙarfin da naman ya shanye bai mayar ba.

Ka maimaita. Zagaye na biyu ba zai hau kan na farko ba, na uku zai matso kusa da na biyu, a haka har su fara kwanciya a kan juna. Y. C. Fung na jami'ar Kalifoniya a San Diyego, wanda ya kafa harsashin wannan fanni, shi ya jaddada cewa nama mai laushi sai an hore shi haka kafin a samu amsar da za ta maimaitu. Ina yin horon, amma ba na yar da zagayen farko kamar yadda wasu ke yi. Ra'ayina shi ne horo na jera zaruruwan su bi hanyar da kake ja, tsarin da ba su da shi a cikin ido. Don haka nake adana duka biyun, in rubuta zagaye nawa na yi, da nauyin da na kai, da hutun da na bayar tsakani. Bayan nan ka sake gwajin da tazarar daƙiƙa 10, ka sake da ta minti 2. Na gaggawar zai fi nuna tauri.

Rarrafe

Wannan ne gwajin da na fi so, kuma shi ya fi dacewa da ɗakin da ba shi da babbar na'ura, don nauyin da aka rataya ba ruwansa da ɗauke wuta. Bayan horo ka bar zirin ya huta, aƙalla ninki biyu na lokacin da ka yi kana jansa. Sai ka ɗora nauyi ɗaya, a ce giram 20, a hankali amma cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba tare da ya yi lilo ba. Ni a tafin hannu nake tallafe shi in sauke. Ka ɗauki hoto a daƙiƙa 1, 2, 5, 10, 20, 50, 100, haka har zuwa minti 30 ko awa guda. An matse hotunan a farko ne saboda yawancin motsin a nan yake. Zirin zai yi tsalle ɗaya ya miƙe, wannan robar ce. Daga nan ya ci gaba da tsawo kaɗan-kaɗan alhali nauyin bai ƙaru ba, zumar ke nan.

In ka zana lokacin a ma'aunin logaridim, inda 10, 100 da 1000 suke da tazara ɗaya, sau da yawa ɗigon za su kusa jeruwa a layi, gangarar layin kuma ita ce saurin rarrafen. Kada ka tsaya a nauyi ɗaya. Ka yi a giram 7, ka yi a 20, ka yi a 50, da hutu tsakani. A 1972 Fung ya kawo wani tsarin lissafi da ya ɗauka cewa siffar tafiyar lokaci ɗaya ce ko ja ya yi yawa ko kaɗan. Gwajinka zai gaya maka ko zancen ya tsaya a kan zirinka: ka raba kowane layi da ƙimarsa ta farko, in sun hau kan juna to ya tsaya, in na babban nauyi ya bi tasa hanyar to kana bukatar lissafin da ya fi wannan zurfi. Ka kuma cire nauyin a ƙarshe ka ci gaba da ɗaukar hoto. Abin da ya dawo a hankali halin nama ne, abin da ya ƙi dawowa ko bayan dogon hutu alama ce ta ka yi masa rauni ko mariƙi ya zame.

Saki, da dabarar sikeli

A rarrafe nauyi ne a tsaye, tsawo ke sauyawa. A saki kuwa tsawon ake tsayarwa a kalli ƙarfin yana raguwa, kamar fatar ganga da aka ɗaure tamau ta kwana ta yi sanyi. Wannan na bukatar abin auna ƙarfi. Ga yadda na yi da sikelin masu sayar da zinari, mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Na ɗora ƙarfen awo mai giram 200 a kan sikelin, na ɗaura mariƙin ƙasa a jikinsa da siririyar waya, mariƙin sama kuma na haɗa shi da kan maikiromita da na kafe a sanda. Ina murɗa maikiromitar sama, zirin na ɗaga wani kaso na nauyin ƙarfen, lambar sikelin ta sauka. Abin da ta ragu da shi, shi ne ƙarfin da zirin ke riƙe da shi.

Kowane juyi na maikiromita rabin milimita ne. In tsakanin mariƙai milimita 20 ne, juyi biyu ya ba ka miƙewar kashi 5 cikin ɗari. Ka juya da sauri iri ɗaya kowane karo, ka saki hannu, wayar tana ɗaukar bidiyon fuskar sikelin. A ce lambar ta faɗi daga 200 zuwa 160, zirin na riƙe da giram 40 ke nan, wajen niyuton 0.39. Kana kallo za ta fara hawa, da gudu a daƙiƙun farko, sannan a hankali. Ba wanda ya taɓa komai, naman ne ke sassauta riƙonsa.

Abu biyu ka kiyaye. Yawancin waɗannan sikeli suna kashe kansu bayan ɗan lokaci, ka nemi wanda ake iya hana shi. Sannan sikelin kansa yana iya ɗan rarrafawa, don haka kafin ka sa nama ka sa siririn sifirin na ƙarfe a gurbinsa ka kalli lambar na rabin awa. Abin da ta motsa a nan na sikeli ne, ka cire shi daga sakamakonka.

Dole in faɗi iyakar wannan hanya, don kada ɗalibi ya ɗauki lambar ziri ya ce ta ido ce. Koniya ƙoƙo ce, mu kuma mun miƙar da ita, bayanta ya ɗaure gabanta ya tattare tun ba a ja ba. Mun datse zaruruwan da ke gicciye. Muna ja ta hanya ɗaya, ido kuwa ta ko'ina yake tura ta. Ahmed Elsheikh da Anderson sun kwatanta gwajin ziri da na hura koniya da ruwa a 2005 saboda wannan matsala, kuma na hurawar ya fi kusa da halin ido. Amfanin gwajin ziri a kwatance yake: wannan da wancan, kafin magani da bayan magani. Da irin wannan kwatance Wollensak, Spoerl da Seiler na Dresden a Jamus suka nuna a 2003 cewa ɗiga ribofilabin, wato bitamin B2, tare da hasken UVA, wani haske da ido ba ya gani, na minti 30 yana ƙara wa koniya tauri, ninki 1.8 a ta alade, 4.5 a ta mutum. Da shi ake tsayar da keratokonas yanzu, cutar da koniya ke sirancewa ta yi tsini kamar kan malafa. Duk lokacin da na karanta wannan sai majema su faɗo mini a rai, don bagaruwa ma ɗaure zaruruwan kolajin take yi har fata ta zama ƙirgi. Kuma tunda an danganta keratokonas da yawan murza ido, na daina yin shiru in na ga yaro mai ƙaiƙayin ido yana dirza shi da dunƙulen hannu, sai na ce wa uwarsa ta kai shi asibiti.

A asibitin ma ana jin kalmar histeresis. Na'urar Ocular Response Analyzer, wadda David Luce ya bayyana a 2005, tana hura iska a ido ta auna bambancin matsi tsakanin lotsawar koniya da dawowarta. A ido mai lafiya yakan kama wajen 10, kuma an ga ƙarancinsa na tafiya da saurin taɓarɓarewar hawan jinin ido, cutar da binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya samu a wajen kashi 5 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama. Amma waccan lamba ta abin da ya faru ne cikin ƙiftawar ido a ido ɗungurungum, taka kuwa ta mintuna ce a kan ziri. Suna ɗaya ne, ba a dai sa su a jadawali ɗaya.

Da ka gama ja, kada ka tashi tukuna. Ka kwance zirin, ka datse farin idon, ka goge man da takarda mai tsotsa, ka sake auna kaurinsa, ka ɗora shi a sikeli. Sai ka sa shi a tanda mai digiri 60 har nauyinsa ya daina raguwa, ka sake aunawa. Ka cire busasshen nauyi daga ɗanye, ka raba da busasshen. Koniyar da ruwanta ke daidai takan ba da tsakanin 3.2 da 3.5. In ka samu 5 ta kumbura, in ka samu 2 ta bushe, sai ka ja layi a kan sakamakon wannan zirin a littafinka, ka rubuta dalili a gefe. Ragowar naman da rezar da safar hannun duk su tafi wurin ƙona sharar asibiti, teburin kuma a wanke shi da bilic.